Ɗakin Mama Yana Ƙasa

Maigadin bai gama ɗaga ƙarfen ƙofar ba, Auta ya sauke gilashin mota ya ɗaga masa hannu, irin ɗagawar mutumin da ya daɗe yana shige da fice a wurin. Maigadin ya ƙame ya sara masa. Auta ya saci kallon madubi don ya ga ko Mama ta gani. Ta gani sarai, sai dai hankalinta yana kan ƙafarta ta dama, wadda ta miƙe a kujerar baya tun da suka baro gida.

"Mama, mun iso. Kin ga wurin?"

"Na gani. Wancan soja ne?"

"Maigadi ne."

"To, me ka taɓa yi masa da yake sara maka?"

Maman Biyu, matar Auta, tana zaune a gaba. Ta juyar da kai wajen taga tana gyara ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Auta ya haura arba'in. Yana da tumbi, yana da furfura a gemu, yana da teburinsa shi kaɗai a wani kamfanin inshora inda masu digiri ke ce masa Yallaɓai. Amma tunda Mama ba ta sake haihuwa bayansa ba, ba ta ga dalilin canza masa suna ba, dangi kuma suka bi bakinta.

Rukunin gidajen yana da suna na Turanci a jikin katanga, mai maganar tafki da inuwar itatuwa. Tafkin dai ba a kai ga haƙa shi ba tukuna. Itatuwan kuwa suna nan a bakin titi, ba su wuce ƙugun mutum ba, kowanne an tallafe shi da sanda kada iska ta yi gaba da shi. Gidajen benaye ne a jere, manne da juna kafaɗa da kafaɗa, fentinsu ɗaya, ƙofofinsu iri ɗaya, har tukunyar fulawar da ke bakin kowace ƙofa iri ɗaya ce. In ka ɗaga kai ta bayan katanga, ga dogayen gine-ginen gilashi na unguwar ofisoshi suna ƙyalli, kuma a cikin ɗaya daga cikinsu teburin Auta yake.

Duk wanda ya tambaye shi me ya sa zai kwashe abin da ya tara ya haɗa da rancen banki ya zuba a nan, amsarsa ɗaya ce: saboda Mama. Kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Bara santsi ya kwashe ta a banɗakin gidan hayar da suke zaune, can ƙarshen gari. Maman Biyu tana bakin aikinta a kantin magani, 'yan biyu suna makaranta. Da jan ciki Mama ta kai ga wayarta ta kira shi. Ya fito ofis a guje ya faɗa cikin cunkoson motoci, yana dukan sitiyari yana hawaye. Kafin ya isa, maƙwabta sun ɓalle ƙofa, sun ɗaga ta, sun kai ta asibitin unguwa, sun dawo da ita, har an dafa shayi an sha. Ranar ya rantse sai ya matso da ita kusa da ofis.

Wannan shi ne dalilin da ake faɗa. Wanda ba a faɗa kuwa, abokan aikinsa na ofis sun fara tarewa a nan ɗaya bayan ɗaya, kuma da safe suna shigowa aiki da rigunansu a goge, shi tasa ta gama yamutsewa a bayan sitiyari.

Dillalin yana jiransu a ƙofar gidan samfur, wato gidan da kamfanin ya ƙawata don masu saye su gani su yi sha'awa. Yanzu an sayar da sauran layin, shi kaɗai ya rage, kuma shi Auta ya ƙwallafa wa rai. Dillalin siriri ne, ya sha kwat a cikin ranar Asabar mai zafi, ga tarin makullai a hannu. Tun haɗuwarsu ta farko ya sanar da Auta cewa shi ba dillali ba ne, mai ba da shawara ne kan harkar gidaje.

"Sannu da zuwa, Hajiya Mama. Sannu da zuwa gidanki."

"Yauwa, sannu ɗan dillali," in ji Mama. Ta dafa sandarta ta sauko da ƙafa ɗaya, sannan ta tsaya tana jiran ɗayar ta gama shawara.

A falo an jera kujeru 'yan ƙanana masu siraran ƙafafu, waɗanda aka zaɓo musamman don ɗakin ya yi kama da mai faɗi. Auta ya san ko rabin kujerunsa na gida ba za su shiga nan ba, amma ya riga ya yanke hukunci cewa kujerun ne da laifi. Talabijin ɗin da ke bango kwali ne aka yi wa baƙin fenti. A kan tebur akwai kwanon ayaba da lemo na roba, sun yi ƙura.

Dillalin ya buɗe baki ya fara zuba. Tayil ɗin da aka shimfiɗa a ƙasa daga waje aka kawo shi. Ruwa ba ya yankewa. Motar shara tana zuwa da kanta. Maƙwabta kuwa duk manyan mutane ne.

"Likitoci, lauyoyi, ma'aikatan banki. A nan, Hajiya, ba hayaniya, ba mai shanya a waje, ba mai zaman bakin ƙofa, ba mai kiwon kaji."

"To, me suke yi da yini?"

"Suna ofis, Hajiya."

"Duka?"

"Duka."

"Allah sarki," in ji Mama.

Maman Biyu ba ta zo jin tarihin tayil ba. Ta ajiye jakarta a kan tebur kusa da ayabar roba.

"Malam, ɗakin ƙasan nan muke so mu gani. Yau dai makullin yana nan ko?"

Auta ya riga ya zo gidan nan a lokacin hutun cin abincin rana, ba sau ɗaya ba. Ya ɗauki hoton kicin, ya ɗauki na banɗaki, ya tsaya a barandar sama ya ɗauki kansa. Amma duk zuwan da ya yi, makullin ɗakin ƙasa yana hannun wani da ya ɗan fita yanzun nan. Dillalin yakan ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa ya ce, "Cikakken ɗaki ne, Yallaɓai," shi kuma Auta ya gyaɗa kai. Mutumin da a ofis ba ya biyan diyyar mota sai ya ga hoton haɗarin ta gaba da ta baya, shi ne ya yarda da ɗakin uwarsa daga jin ƙarar ƙofa. A gida duk sanda matarsa ta ce, "Ɗakunan kwana fa duk a sama suke," sai ya ce, "Ai ɗakin Mama yana ƙasa." Ya faɗa har ya zama kamar ya taɓa kwana a ciki.

Dillalin ya gwada makulli, ya gwada wani, ya duba agogo, ya ce ko za a fara da sama tunda can ne abin kallo. Maman Biyu ta ce suna da lokaci. Da ya ga babu sarki sai Allah, makullin da ya dace ya fito da kansa daga cikin tarin.

Warin fenti ne ya fara yi musu maraba. Dillalin ya laluba bango ya kunna ƙwan lantarki. Ɗakin yana ƙarƙashin matakalar bene, don haka rufinsa ya faro da tsayi daga bakin ƙofa ya yi ta sunkuyowa har ya kusa taɓa ƙasa a can ƙurya. Babu taga, sai wani ɗan rami mai raga a sama. A bango ga akwatin wutar gidan da wayoyinsa. A ƙasa an jibge bokitan fenti, da tsani, da allunan talla masu hoton wani iyali suna dariya a bakin tafki.

Auta ya kauce wa idon matarsa.

"Ɗaki ne mai amfani iri-iri," in ji dillalin. "Wasu su yi sito, wasu su yi ɗakin karatu, wasu su sa mai aiki. Ya danganta da basirar mai gida."

"A ina mai ɗakin zai yi wanka?" in ji Maman Biyu.

"Akwai bayi na baƙi nan kusa da kicin."

"Na leƙa shi. Ba wurin wanka."

"To, ai wanka a sama yake, Hajiya. Banɗakunan sama abin kallo ne."

Auta ya yi gyaran murya. Ya shiga ɗakin ya dafa bango irin na masu sanin gini.

"Ai ba matsala ba ce. Sai a fasa taga a nan."

"Nan falon maƙwabcinka ne, Yallaɓai."

"To, nan."

"Nan bangon waje ne. Ƙungiyar mazauna ba ta yarda a taɓa waje ba, ko ƙusa. Shi ya sa kake ganin wurin tsaf."

Mama ta matso da sandarta ta leƙa. Ta dubi rufin, ta dubi ramin mai raga, ta daɗe tana duban iyalin da ke dariya a jikin allo. Auta ya tsaya yana jiran abin da za ta ce. Ya san bakin Mama, kuma a ransa ya fi son ta yanka masa magana a wuce wurin. Ba ta yanka ba. Ta juya ta fuskanci matakala.

"Mu ga saman."

"Mama, ƙafarki," in ji Maman Biyu.

"Da ita na zo, 'yar nan. Mu je."

Matakalar siririya ce, mai lanƙwasa a tsakiya, tayil ɗinta yana sheƙi. Mama ta miƙa wa surukarta sanda ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu. Ta ɗora ƙafar hagu, ta jawo ta dama ta same ta, ta huta. Ta sake. Auta ya kai hannu zai tallafe ta, ta ture hannun da gwiwar hannunta ba tare da ta dube shi ba. Numfashinta kaɗai ake ji da ƙarar zobenta a jikin ƙarfe. A wurin lanƙwasar ta tsaya ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Maman Biyu tana bayanta da hannuwa a buɗe, fuskarta a ɗaure.

Da ta taka na ƙarshe, Auta ya juyo baki har kunne.

"Kin gani? Ta hau. Da kanta ta hau."

"Masha Allah," in ji dillalin. "Likitoci ma cewa suke hawan bene magani ne. Wata ɗaya a nan, Hajiya za ta jefar da sandar."

Mama ta wuce su. Ta shiga ɗakin da ya fi kusa, wanda shi ne babban ɗakin kwana, ta nufi gadon da aka lulluɓe da farin zani da tulin matasai, ta zauna. Gadon ya yi wata 'yar ƙara ya lotsa da ita gefe guda. Maman Biyu ta yi wuf ta riƙo ta. Da aka ɗaga zanin, kwalaye ne aka jera aka ɗora musu siririn soso.

"Gadon ma na kallo ne," in ji Mama tana haki.

Dillalin ya ce na nuni ne kawai, ya fita da sauri ya dawo da kujerar roba daga baranda. Aka zaunar da ita a bakin taga. Auta ya ja labule ya durƙusa kusa da ita yana nuni da yatsa.

"Kin ga dogon can mai shuɗin gilashi? Ofishinmu ke nan. In wani abu ya faru, kafin ki ajiye waya na iso."

"Ai kuwa ga shi nan kusa," in ji Mama. "Sai ka riƙa ɗaga mini hannu."

Maman Biyu ta tsuguna ta ɗan ɗage zanin Mama ta taɓa gwiwar. Ta riga ta fara kumbura, ga zafi. Ta mayar da zanin a hankali, ta miƙe.

"Baban Biyu, zo ka ga ɗakin yara."

Ya san ba ɗakin yara za a nuna masa ba, amma ya bi ta. Ta turo ƙofa ta rage murya.

"Ka ga gwiwarta?"

"Don ba ta saba ba ne."

"Ta saba da me? Mace mai shekarunta ta hau wannan abin duk sanda za ta yi wanka? Ko a can ƙasa za ka ajiye ta da akwatin wuta?"

"Ana iya gyara ɗakin. A sa fanka, a sa fitila mai haske, a yi masa farin fenti."

"Fentin ma yana ciki, ba sai an saya ba."

"Ke komai sai kin mayar da shi baƙar magana. Saboda ita fa nake wannan wahalar."

"Daina gaya mini wannan, ni ba 'yan ofishinku ba ce."

Ta cikin bango wani mutum ya yi tari, ya ja ruwan bayi, sannan ya ce wa wani a waya ya turo masa takardun ranar Litinin. Suka yi shiru har ya gama. Manyan mutanen, ashe, ana jin tarinsu.

Maman Biyu ta jingina da ƙofa. Da ta sake magana, faɗan ya fita daga muryarta.

"Kada ka ɗauka ba na son gidan nan. Wallahi ina so. Na gaji da tashin yara tun duhu, na gaji da ba su abin kari a mota suna gyangyaɗi. Tun da ka nuna mini hoton kicin ɗin nan nake jera tukwanena a ciki. Amma ba zan buɗe baki in ce a sa Mama a wancan ramin ba, kuma ba zan ce a bar gidan ba. Uwarka ce. Kai za ka faɗa."

Auta ya so ta yi masa rigima. Da ta ce a fasa, da ya samu wanda zai ɗora wa laifin rasa gidan. Da ta ce a saya, da ya samu wanda zai ɗora wa laifin ɗakin. Sai ga shi ta miƙo masa abin gaba ɗaya ta naɗe hannu, kuma ya ji haushinta ƙwarai.

Ana haka suka ji muryoyi a ƙasa, da dariyar dillalin ta tarbar baƙi. Wannan ma cikin aikinsa ne. Ba ya taɓa ba mai saye ɗaya lokaci shi kaɗai, sai ya haɗa biyu a sa'a guda don kowa ya ga idon ɗan'uwansa. Da Auta ya leƙa, sai ga Ɗan Gayu, abokin aikinsa da teburinsu ke kallon juna, yana hawowa da amaryarsa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Taki biyu-biyu yake yi.

"A'a, Yallaɓai, kai ma nan ka faɗo?"

"Muna dai dubawa," in ji Auta.

"Mu ma dubawa muke."

Suka yi wa juna murmushin da babu alheri a cikinsa. Dillalin ya tsaya a tsakiyarsu yana murza hannu, ya ce shi dai ba ya son ɓata wa kowa, amma gida ɗaya ne, kuma ƙa'idar kamfani wanda ya riga sa hannu shi ne mai shi.

Ɗan Gayu ya shige babban ɗakin da amaryarsa, suka yi turus da ganin tsohuwa a kujerar roba tana kallon taga, wayarta a cinya. Suka rusuna suka gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta sa wa amarya albarka, ta ce su duba ko'ina, kada su damu da ita, amma kada su zauna a gadon.

"Ashe da Mama za ku tare," in ji Ɗan Gayu. "Masha Allah. Wane ɗakin ne nata?"

Auta ya ji idon matarsa a ƙeyarsa.

"Ɗakinta yana ƙasa," ya ce.

"Au, akwai ɗaki a ƙasa?" in ji amaryar. "Na ɗauka sito ne."

Dillalin ya ja hankalinsu zuwa banɗaki, ya kunna musu famfo su ga ƙarfin ruwa.

Da aka gama kallon abin kallo, aka zo sauka. Mama ta miƙe da ƙyar ta dogara sandarta har bakin matakala. Ta leƙa ƙasa. Ta kama ƙarfe, ta miƙa ƙafar hagu, ta dama ta ƙi ɗaukar nauyinta, ta janye. Ta gwada fara sa ta daman, fuskarta ta yamutse, ta sake janyewa. Mutum biyar suna tsaye a bayanta, kowa ya samu abin kallo a bango.

"Ku sauka," in ji Mama. "Ku bar ni da Auta."

Suka rarraɓa ta gefenta suka sauka. Maman Biyu ce ta ƙarshe, ta karɓi sandar da wayar, ta dubi mijinta ta wuce.

Auta ya cire takalmansa ya ajiye a gefe saboda santsin tayil. Ya sauka taki ɗaya, ya juya mata baya ya durƙusa.

"Hau, Mama."

"Da tumbin naka za ka iya?"

"Hau dai."

Ta ɗora hannuwanta a kafaɗunsa, ta kwanto. Ya tallafo ƙafafunta a hankali saboda gwiwar, ya miƙe. Ya shirya wa nauyi, sai ya ji babu. Matar da ta yi shekaru tana cika gida da murya, ashe abin da ya rage a cikin zanin bai fi ɗaya daga cikin 'yan biyunsa ba. Abin ya tsorata shi. Ya fara sauka, hannu ɗaya a ƙarfe, haɓarta a kafaɗarsa.

"Na kira Yayarka," ta ce a kunnensa. "Ɗazu, lokacin da kuke raɗar da duk layin nan ya ji."

Yayar Auta tana aure a wani gari, tafiyar yini guda a mota. Gidanta na ƙasa ne, mai tsakar gida, kuma ta daɗe tana ƙorafin cewa Auta ya riƙe musu uwa shi kaɗai.

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta gyara mini ɗaki. Kafin ku tare zan tafi."

"Mama, saboda ke fa nake sayen gidan nan."

"Na sani. Duk gari an sani."

"Mama..."

"Kalli gabanka kada ka kayar da ni. Ka saya. Yaran nan su huta da barcin mota, yarinyar nan ta samu kicin ɗinta. Ni can akwai masu shigowa a yi hira. Nan in na mutu da safe, sai an tashi daga ofis za a sani."

Maganar tana bakinsa, a shirye. Mama, ba inda za ki. A bar gidan, Ɗan Gayu ya ɗauka, mu nemi wani ko mu zauna inda muke. Ba doguwar magana ba ce. Ya ce a ransa bari ya wuce lanƙwasar tukuna, wurin yana da haɗari. Ya wuce lanƙwasar. Ya ce bari numfashinsa ya dawo. Numfashin ya dawo. Sai ya lura da wani abu a ƙirjinsa, wani sakayau da ya shigo tun lokacin da ta ce zan tafi. Daɗi ne. Daɗi yake ji, da uwarsa a bayansa. Kunya ta rufe shi har idonsa ya kawo ruwa, amma kunyar ba ta kori daɗin ba, zama suka yi tare.

Ya ji hannuwan Mama sun ɗan ƙara riƙe wuyansa. Ko tsoron faɗuwa ne, ko jira take ya ce wani abu, bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Suka iso ƙasa.

Ya sauke ta a kan ɗaya daga cikin 'yan kujerun falo. Maman Biyu ta miƙa mata sanda da robar ruwa, ta dubi Auta tana neman amsa a fuskarsa. Ya sunkuya yana gyara ƙafar wandonsa. Daga kicin ana jin Ɗan Gayu da amaryarsa suna buɗe durowoyi suna rufewa, amaryar tana cewa firjinsu zai shiga nan daidai.

Dillalin ya matso a hankali da fayil a hammata. Ya ture kwanon ayabar gefe, ya shimfiɗa takardu a kan tebur, ya cire wa biro murfi.

"Ba matsa maka nake ba, Yallaɓai. Amma ka ji su da kunnenka."

Auta ya dubi Mama. Tana shan ruwa, idonta a kan ƙofar waje. Ya zauna a bakin kujera, babu takalmi a ƙafarsa, ya karɓi biron. Duk inda yatsan dillalin ya nuna, ya sa hannu. Maman Biyu ta ɗauki jakarta ta ce za ta je ta kunna esin mota ta yi sanyi saboda Mama, ta fita.

"Masha Allah, Allah ya sanya alheri," in ji dillalin yana tattara takardun, bakinsa ya ƙi rufuwa. "Ka yi dabara, Yallaɓai. Gobe-goben nan zan sa a kwashe bokitan nan daga ɗakin Hajiya Mama, a wanke shi tas."

Auta ya mayar wa biron murfinsa ya miƙa masa.

"Kada ka wahalar da kowa," ya ce. "Ba sauri ake yi ba."